Yadda A Ke Shirya Dutsen Wuya Na Gilashi

A cikin darussan aikin hannu da ya kamata mai koyon malanta ya riƙe kafin ya fita, akwai ɗaya wanda samari su kan raina, su ce wai aikin mata ne da 'yan koli, watau shirya dutsen wuya. Ni ma dā haka na ɗauke shi. Shekarar da na fara koyarwa, na tafi kasuwa na sayo duwatsun gilashi iri iri da zaren ɗinki irin na keke, na raba wa yaran ajina, na ce kowa ya zura yadda ya ga dama. Suka zura, suka kai gida suna murna. Kafin mako biyu fiye da rabi sun tsinke. Wata yarinya kuwa uwarta ta ba ta wani tsohon dutse shuɗi na kakarta, ta sa shi a tsakiyar nata. Tana sunkuye tana jan guga sai zaren ya yanke, duwatsun duk suka zube cikin rijiya, har da na kakar. Uwar ba ta ce mini kome ba, sai dai ta aiko a gaishe ni da aiki. Wannan gaisuwa ta fi zagi zafi.

Ran kasuwa na koma wurin tsohuwar da na sayi duwatsun a hannunta, na ce, "Iya, kin sayar mini da kaya marasa ƙarko." Ta dube ni ta ce, "Malam, duwatsun ne suka fashe, ko kuwa zaren ne ya tsinke?" Na ce zaren ne. Ta ce, "To, da ka saya ka leƙa hujinsu?" Na yi shiru, domin ban san ana leƙawa ba.

Abin da tsohuwan nan ta nuna mini shi ne kan darasinmu duka. Dutsen gilashi ya kan yi shekaru ɗaruruwa bai lalace ba. Zare shi ne mai mutuwa, abin da ke kashe shi kuwa shi ne hujin dutsen da ya ke zaune a ciki. Hujin nan kuma ba iri ɗaya ba ne, kowane dutse da irin nasa, gwargwadon hanyar da aka bi aka yi shi. Saboda haka tilas mu fara daga wurin wuta kafin mu zo ga allura da zare.

Asalin gilashi rairayi ne. Amma rairayi zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, wutar itace kuwa ba ta kaiwa can. Dabarar da mutanen dā suka gano ita ce a gauraya shi da kanwa, sai ya narke da zafin da ya kasa wannan ƙwarai. A kan kuma so ɗan farar ƙasa a ciki, don in babu ita ruwa ya kan ci gilashin sannu a hankali. Ku lura da wani hali nasa. Ƙanƙara in ta ji zafi sai ta zama ruwa kai tsaye, babu tsakani. Gilashi ba haka ya ke ba. Ya kan fara taushi, sa'an nan ya yi danƙo kamar alewa a hannun mai ja, sa'an nan ya kwaranya kamar zuma. A cikin wannan tsakani, sa'ad da ya ke danƙo, a ke yi masa dukan aikin da a ke yi. Launi kuwa daga ƙarafa ya ke fitowa: ɗan baƙin ƙarfen da ke cikin rairayi shi ke sa kwalba ta yi kore, jan ƙarfe ya kan ba da shuɗi mai haske ko ja, wani ƙarfe da a ke kira kobal shi ke ba da shuɗin nan mai duhu kamar baba.

Kada wani ya zaci Turawa ne suka fara kawo mana ado da gilashi. A Igbo-Ukwu, cikin ƙasar Ibo, wani masanin tone-tone mai suna Thurstan Shaw ya fara haƙa a 1959, ya sami duwatsun ado fiye da 165,000, galibinsu na gilashi, waɗanda aka binne fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A Ife kuma, a wani kurmi da a ke kira Igbo Olokun, an sami tukwanen narka gilashi da duwatsu dubbai. Binciken da aka bayyana a 2017 ya nuna mutanen wurin da kansu su ke haɗa gilashinsu daga ƙasar wurin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Aikin dai tsoho ne a ƙasashen nan.

Hanyar farko ta yin dutse ita ce ta naɗi, ita ce kuma ta fi kusa da mu, domin ita a ke bi a Bida, babban birnin Nufe, cikin Jihar Neja. Akwai unguwa a can ana ce da ita Masaga, mutanenta su ne masu aikin gilashi tun kaka da kakanni. Su da bakinsu sun ce daga Masar kakanninsu suka taso, suka biyo ta Borno har suka sauka Nufe. Wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya gan su suna aiki a 1911. Bayansa wani masani, S. F. Nadel, ya zauna cikin Nufawa tsakanin 1934 da 1936, ya rubuta labarin sana'arsu cikin littafinsa na 1942. Ya tarad da su jama'a ce mai shugabanta, ba su koya wa bare sirrin aikinsu. Suna da wani gilashi nasu na gargajiya, baƙi wuluk, wanda su ke kira bikini da Nufanci, suna haɗa shi da rairayi da kanwa da kashin maƙera, a dafa shi cikin rami kwana da kwanaki. Da kwalaben Turai suka yawaita, sai suka ga ya fi sauƙi su farfasa kwalba su narka, tun zamanin Nadel ma suna yin haka. Wannan ya sa launin dutsen Bida ya kan bi launin kwalaben da a ke samu: kore da ruwan ƙasa daga kwalaben abin sha, shuɗi daga na magani, fari daga na man shafawa. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da aka sani da sana'o'in hannu.

Ga yadda su ke yi. Maƙerarsu rami ne a tsakiyar ɗaki, an gina masa baki da yumɓu, ana hura masa itace, yaro na zaune yana zuga. Ma'aikata su zauna kewaye da wutar. A kama gutsuren kwalba a bakin wani dogon ƙarfe a tura cikin wuta har ya yi danƙo, ya dunƙule. Sa'an nan mai aiki ya ɗauki wani siririn ƙarfe a ɗaya hannun, ya taɓa shi ga dunƙulen, ya yi ta murza shi, gilashin na naɗuwa a jikinsa kamar yadda zare ke naɗuwa a mazari. In ya kai girman da ya ke so sai ya yanke, ya mai da shi wuta, ya daddanna shi da wani ƙarfe mai faɗi ya fid da siffarsa, ko dunƙulalle, ko dogo, ko mai kusurwa. In yana son zāne sai ya jawo siririn gilashi na wani launi ya kewaya shi da shi. Daga nan ya zare ƙarfen, inda ƙarfen ya fita shi ne huji. Ba a barin dutsen ya sha iska. Cikin toka mai ɗumi a ke tura shi ya huce sannu sannu, gama in bayansa ya yi sanyi tun cikinsa na da zafi, ya kan tsage, ko ya riƙe tsagar a ɓoye har ran da zai fashe a wuyan mai shi. Da wannan wuta ɗin su ke yin ƙarau na hannu.

Hujin dutsen naɗi yana da faɗi, cikinsa kuma galibi sumul ne, sai dai wani lokaci baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, domin ƙarfen tsini gare shi. Aibinsa a bakin ya ke. Inda aka yanke gilashin, ko inda ƙarfen ya fita, ya kan bar ɗan tsini ƙarami wanda ido ba ya kula da shi, amma zare ya san da shi.

Hanya ta biyu ita ce ta ja, wadda mutanen Banis ta ƙasar Italiya suka shahara da ita. Tun 1291 hukumar birnin ta kwashe maƙerun gilashi ta kai su tsibirin Murano don tsoron gobara. A nan mai aiki ya kan ɗebo babban dunƙule, ya yi masa rami a ciki, wani ya kama ɗaya gefen da ƙarfe, su biyu su ja da baya da baya, daidai yadda mai alewa ke ja. Gilashin ya yi ta tsawo yana sirancewa, ramin nan na cikinsa bai toshe ba, har ya zama kamar dogon kara mai rami. In ya huce sai a yayyanka shi guntu guntu. Kun san yankakken gilashi kaifi gare shi kamar aska. Don haka a kan cika hujin da toka ko ƙasa, a juya guntayen cikin zafi har bakunan su lanƙwashe su yi sumul. Ƙananan duwatsun nan masu kamar ƙwayar gero duk ta wannan hanya a ke yinsu, ko da ya ke yanzu inji ke ja, a ƙasar Cek da Japan da Indiya da Sin. Masu araha a cikinsu ba a gama kashe musu kaifi ba. Irinsu ne na raba wa yarana, na haɗa su da zaren keke. Ashe wuƙa na ba su da abin yanka.

Hanya ta uku ta gari ce, ita a ke bi a ƙasar Krobo ta Ghana, wajen Odumase da Somanya. Su kan daka kwalba a turmin ƙarfe ta zama gari, a tankaɗe. Suna da wani abin zubi na yumɓu mai ramuka, kamar tandar waina amma ƙanana. A tsakiyar kowane rami a kafa tsinken ganyen rogo, a zuba garin kewaye da shi, launi bisa launi, a sa a tanderu. Zafi ya haɗe garin, tsinken ya ƙone, ya bar huji. Sa'an nan a goga duwatsun a kan dutsen niƙa da ruwa da rairayi. Fatake Hausawa sun daɗe cikin cinikin duwatsun ado a kasuwannin ƙasar, kamar ta Koforidua, don haka ba abin mamaki ba ne ka ga dutsen Krobo a faifan ɗan koli a Kano. Hujinsa faɗi gare shi, amma cikinsa kaushi kamar dutsen wanke ƙafa. Ba ya yanka zare farat ɗaya, sai dai ya yi ta gugarsa kullum har ya cinye.

Akwai kuma waɗanda a ke matsawa cikin abin zubi na ƙarfe, aikin da mutanen Bohemiya suka ƙware a kai. Za ka gane su da ɗan layin da ya kewaye su, inda bakin abin zubin ya haɗu.

To, in ka je kasuwa, abu na fari ka tabbata gilashi ne ba roba ba, don yanzu roba ta cika faifai. Gilashi ya fi nauyi, in ka ɗora shi a kumatu za ka ji sanyi, in ka ƙwanƙwasa shi a haƙori ya yi ƙara siririya. Sa'an nan ka ɗaga shi wajen rana. In ka ga 'yan kumfa a ciki sun miƙe sun bi tsawon huji, na ja ne. In sun kewaya hujin, na naɗi ne. In kuwa haske ba ya ratsa shi, jikinsa kuma kamar an yayyafa tsaki, na gari ne. Abu na ƙarshe shi ne gwajin da Iya ta koya mini. Ka zura guntun zaren da za ka yi aiki da shi, ka kama bakinsa biyu, ka karkata shi ya jingina da bakin hujin, ka goga gaba da baya sau 20. In zaren ya yi gashi, dutsen nan zai kashe shi. Ko ka ajiye shi, ko ka gyara bakin da siririn magagari ko tsinin dutsen wāshi. Amma fa cikin kwanon ruwa za ka yi gugar, don ƙurar gilashi mugun abu ce ga huhu da ido. Wannan aikin malami ne, kada a ba yara.

Zaren ya bi dutse. Ƙananan duwatsun ja suna son siririn zare mai ƙarfi, na nailan ko na alharini, a ninka shi biyu. Manyan na Bida suna son mai kauri wanda zai cika hujin, kamar abawa mai kyaun murɗi, ko zaren da baduku ke ɗinka takalmi da shi. Na Krobo kuwa ba abin da ya fi musu siririyar igiyar fata irin ta rataya laya, ko kirtani mai kauri. Ka'idar ita ce zare ya kusa cika huji. In ya yi siriri, dutsen ya riƙa rawa a kansa, kowace rawa kuwa guga ce. Mutane da yawa sun fi son zaren fatsa na masunta don ba ya bukatar allura. Ni ban yarda da shi ba. Rana ta kan busar da shi ya yi gautsi, ƙullinsa ya kan zame, ba ya kuma yin gashi ya yi maka gargaɗi, sai dai ka ji duwatsu a ƙasa. Zaren roba mai talewa ya fi shi muni ga duwatsu masu nauyi. Kowane zare ka zaɓa, in ba fata ba ne, ka ja shi cikin kakin zuma sau biyu ko uku. Kakin ya kan kwantar da gashinsa, ya hana gumi shiga, ya kuma sa ƙulli ya kama.

Yanzu sai lissafi, a nan ne kuma darasin nan ke biyan malami wahalarsa. Kada ka bar yaro ya taɓa allura sai ya auna ya rubuta. A kewaya wuyan wanda za a yi wa da guntun kirtani, a sake shi ya sauko inda a ke so, a auna kirtanin da rula. Na babba wanda ke sauka bisa ƙashin wuya ya kan kai inci 18, watau santimita 45 da 'yar ɗoriya. Mu ɗauka milimita 450 ne. A ce muna da babban dutsen Bida guda mai tsawon milimita 20, shi zai zauna tsakiya. Saura 430, kowane gefe 215. A ware 15 a kowane gefe domin maɗauri, saura 200. A ce kuma tsarinmu shi ne dutse guda mai milimita 10, sa'an nan ƙanana biyu masu milimita 5 kowanne. Kashi guda ya zama milimita 20 ke nan, kowane gefe zai ci kashi 10. Duwatsu nawa za a saya? Babba 1, matsakaita 20, ƙanana 40, jimla 61. Sai a ƙara kamar 6 saboda waɗanda za su fāɗi gwajin huji.

Ga wata tambaya da ta kan kā da yara masu wayo. In za a yi ƙulli bayan kowane kashi, kowane ƙulli kuma ya ci milimita 1, me zai faru? Ƙulli 20 sun ƙara milimita 20, abin wuya ya zama 470. Yaro zai ce a cire kashi guda, shi ke nan. To, daga wane gefe? In ka cire daga dama, babban dutsen ya bar tsakiya ya koma gefe. Tilas ko a yarda da 470, ko a cire guda daga kowane gefe ya koma 428. Na ga yaron da ya ƙi raba lissafi a kan allo wata uku, ya fahimce shi ran nan, don da idonsa ya ga dutsen tsakiya ya karkace.

Kafin a zura, a jera duwatsun duka a fili. A shimfiɗa tsumma mai kauri a kan faifai ko tebur, a yi masa ƙwarya-ƙwaryar lanƙwasa don kada su gangara. A fara da na tsakiya, a riƙa sa ɗaya dama ɗaya hagu, manya kusa da tsakiya, ƙanana can wajen ƙeya inda nauyi ba shi da daɗi. Duwatsun hannu ba su zama daidai wa daida, wani ya ɗara wani, don haka a haɗa masu kama da juna biyu biyu su fuskanci juna. Wajen launi ba ni da doka, illa shawara ɗaya: launi biyu ko uku sun isa, ɗaya ya yi sarauta, sauran su yi masa fādanci. Yara su kan so su zuba duk launin da ke duniya cikin zare guda. Ka bar su su jera haka, ka sa su ja da baya taki biyar su duba, galibi da kansu za su rage. Ƙananan duwatsun da a ke sawa tsakanin manya ba don ado kaɗai ba ne. Su ke hana manyan gogar juna su ɓalgace, su ne kuma gaɓoɓin da ke sa abin wuya ya lanƙwasa ya bi jiki.

A yanki zare mita 2, a shafa masa kaki, a zura a allura siririya, a ninka shi biyu. In hujin ya ƙi allura, a shafa wa bakin zaren ɗan ƙaro a bari ya bushe, sai ya sandare ya zama allurar kansa. Maɗaurin da ya fi sauƙi, wanda ba ya bukatar sayen ƙarfe, shi ne na maɓalli da hanci. A wutsiyar zaren a ɗaure wani dutse dunƙulalle mai kamar milimita 8, a ratsa shi sau biyu, a ƙulle sosai, a bar wutsiya kamar tsawon yatsa. Shi ne maɓalli. Sa'an nan a shiga zura duwatsun bi da bi yadda su ke jere a tsumma, daga wannan gefe har wancan, ana cusa wutsiyan nan cikin duwatsu uku ko huɗu na fari don ta ɓuya.

Ƙullin tsakani shi ne ya raba aikin gwani da na ɗan koyo. Amfaninsa biyu ne. Yana hana duwatsu zamewa gaba da baya a kan zare, ya rage guga. Sa'an nan in ƙaddara ta sa zaren ya tsinke, kashi guda kaɗai zai zube, ba duka ba. Da na san wannan, da dutsen kakar yarinyan nan yana nan. Yinsa kuwa sai da 'yar dabara, don ƙulli ya kan so ya ɗaure nesa da dutse ya bar giɓi. Ka yi ƙullin sako-sako tukuna, ka sa tsinin wata allura cikin idonsa, ka ja shi da allurar har ya manne da bakin dutsen, sa'an nan ka zare allurar kana danne da farce. Ka raba zaren biyu ka ja su dama da hagu, ƙullin zai ƙara matsawa ciki. In ƙullin ya shige cikin hujin ya ɓace, zaren ya yi wa dutsen siriri, sai a yi shi kusa da ƙananan duwatsu inda hujin ya fi ƙunci. Duk dutsen da ke da daraja, na gado ko mai tsada, a yi masa ƙulli gaba da baya, shi kaɗai a ɗakinsa.

In an kai ƙarshe kada a yi gaggawar ɗaurewa. A rataye abin a ƙusa ya kwana, nauyin duwatsun ya ja zaren ya gama miƙewar da zai yi. In an yi ƙullin tsakani miƙewar ba ta da yawa, amma wanda aka zura ba ƙulli, da safe za a ga giɓi ya fito a sama, sai a matsa duwatsun a rufe shi. Sa'an nan a kwantar da shi a tebur a lanƙwasa shi ya yi da'ira kamar yana wuya, a wannan hali za a yi ƙullin ƙarshe. Wanda ya ɗaure shi a miƙe ya matse, in an zo sawa sai ya sandare kamar sanda, duwatsun su ciji juna, zaren kuma ya ɗauki wahalar da ba tasa ba. Hancin kuwa, a zura ƙananan duwatsu kamar 12 ko 14, a lanƙwasa su a gwada da maɓallin, ya shiga da ɗan tauri, kada ya yi sako-sako. A sake ratsa hancin da zare sau biyu, gama nan ne hannu ke ja kullum safe da yamma, nan ne kuma abin wuya ya fi tsinkewa. A ƙulle, a komar da allura baya cikin duwatsu huɗu, a sake ƙulli, a ƙara ratsa biyu, sa'an nan a yanke. Kada a yanke zare a gindin ƙulli. In nailan ne a iya taɓa bakinsa da kan ashana mai wuta, amma auduga da alharini sai ɗigon ƙaro.

Game da aji, yara 'yan ƙasa da shekara 7 kada a ba su ƙananan duwatsu, su kan sa a baki da hanci da kunne. Su fara da 'ya'yan itace da aka huda, ko duwatsun yumɓu da suka mulmula da kansu a jikin tsinke, wanda ma zai nuna musu yadda huji ke samuwa. Manya kuwa a ƙidaya wa kowa duwatsunsa cikin murfin gwangwani, ya sa hannu, a ƙidaya kuma in an tashi. Darasi uku sun isa: na fari gwajin huji da awo da lissafi, na biyu jeri da zuri, na uku ƙullin ƙarshe da maɗauri bayan an kwana a rataye. Ka faɗa musu kuma su gaya wa iyayensu mata, kada a shiga wanka da shi, kada a fesa masa turare, in ya yi datti a goge da ɗanyen tsumma. Duk shekara a duba zaren wajen hanci da gefen babban dutse. In an ga ya fara gashi, a kwance a sake zurawa a sabon zare tun bai kai ga bakin rijiya ba.